Yadda ake gano abin da ya kashe tsohuwar Fijo 504 ana cikin tafiya

A Kaduna, idan ka ji an ce wani ya gaji tsohuwar mota, da wuya ba Fijo ba ce, tunda a nan Kakuri kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Fijo a 1975. Tawa 504 ce ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama. Ta yi kusan shekara biyu a ajiye a gindin mangwaro kafin a raba gado ta faɗo a kasona. Na ga mutane da yawa irina, mota ta mace musu a hanya, su kira a ja ta zuwa gareji, kafin a isa ta huce, ana murza makulli ta tashi. Daga nan sai lalube, sai a ce kafireta ce. Ni dokata ɗaya: inda ta mutu nan ake gwada ta, da zafinta.

Da farko ka tuna yadda ta mutu. Idan ta yi ta fizga tana shaƙewa, kana taka totur tana ƙin amsawa, sannan ta mace, ka fi zargin mai. Idan ta ɗauke lokaci guda kamar an kashe makulli, wuta ce. Idan kuwa ka ji ƙwanƙwasa daga cikin inji, ko jar fitilar baƙin mai ta kama kafin ta tsaya, kada ka sake murza makullin nan ko sau ɗaya.

Tura ta gefen titi, buɗe bonet, zaro ma'aunin baƙin mai. In ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, gaskit ya tafi. Lagireto kuma ka bar shi ya huce kafin ka taɓa murfinsa. Don ka san ko inji ya buga, saka giya ta huɗu, sauke birkin hannu, a ɗan tura motar gaba da baya. Idan ka ga fanbel yana motsi, injin yana juyawa, ka gode wa Allah ka ci gaba.

Yanzu sai wuta, kuma a nan ne na sha wahala. Zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, wadda ta fito daga kwayil, wato gwangwanin da ke samar da wutar fulogi. Riƙe ta da filaya mai roba a hannu, kai bakinta kusa da ƙarfen inji, tazarar kamar rabin santimita, wani ya yi maka kik. Abin da kake so ka gani shi ne tartsatsi shuɗi mai ƙara, tas-tas-tas, ba yankewa. Ja ko rawaya mai rauni bai wadatar ba. Ka yi wannan kafin ka cire kowane tiyon mai, saboda tartsatsi da fetur ba sa zama wuri ɗaya.

Motata sau uku tana mace mini a cunkoson Kawo, kullum bayan na yi kamar minti ashirin ina tafiya. In na zauna rabin awa sai ta tashi lafiya lau. An wanke kafireta sau biyu, an canza famfon mai, har wani ya fara yi mini lissafin sauke inji. Daga ƙarshe na je wurin wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan Fijo. Na ce, “Baba, ga ta nan, a duba mini.” Ya ce, “Ɗana, mai lafiya ka kawo mini. Shiga mu je ta mutu a gabana.” Muka yi ta zagaye har ta ɗauke. Ya fita da sauri, ya zare wayar nan, na yi kik, babu ko ƙyas. Ya kama hannuna ya ɗora a kan kwayil, na janye ba shiri don zafi. Kwayil ɗin ne ya tsufa: da sanyi yana ba da wuta, in ya ɗau zafi sai ya yanke. Ita ma kwandansa, wata ƙaramar aba da ke jikin distiributa, haka take yi, ita da ba ta kai babban yatsa ba. Shi ya sa duk wanda ya gwada motar a sanyaye bai ga komai ba.

To idan babu wuta, buɗe murfin distiributa. Duba ko ya tsage, duba ɗan gawayin da ke tsakiyarsa, duba rota. Sa a yi kik ka kalli kwantak, ya kamata ya riƙa buɗewa yana rufewa. Tazararsa milimita 0.4 ce idan ya buɗe duka, kuma yana tsukewa da kansa yayin da ƙafarsa ke cinyewa. In bakinsa ya ƙone ya yi ramuka, kwandansa ce ta jawo. Ni ba na canza ɗaya in bar ɗaya, kwantak da kwandansa tare nake saye, kuɗinsu bai kai na wankin kafireta da jan mota ba. In za ka shiga kasuwar Panteka neman su, tafi da tsofaffin a aljihu a gwada, domin distiributar 504 ba iri ɗaya ba ce duka. Kuma ka ajiye tsohuwar kwandansar, sabuwa ma takan zo a mace.

Idan wuta tana da kyau, koma kan mai. Cire tukunyar iska, leƙa maƙogwaron kafireta, ja totur da hannu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya tsartu. In babu, cire tiyon da ke shiga kafireta, saka bakinsa a kwalba, a yi kik. Lafiyayyen famfo yana tofo mai da ƙarfi. Bar kwalbar ta natsa ka duba gindinta. Motar da ta daɗe a ajiye tankinta yana yin tsatsa, tsohon fetur kuma ya zama danƙo. Jan gari a gindin kwalba na nufin sai an sauke tanki an wanke, a sa sabuwar filta. Buɗe murfin tankin ma ka saurara, in ya ja iska da ƙarfi, hanyar numfashinsa ta toshe. Mafi sauri, jona tiyo daga galan kai tsaye zuwa famfo. In ta tashi ta zauna, laifin yana baya. Gwaji ne kawai wannan, ba a tuƙi da shi.

Ga wuta ga mai amma ta ƙi tashi? Duba ko wayoyin fulogi suna kan tsarinsu na 1-3-4-2, ciro fulogi ɗaya ka ga ko ya jiƙe. Idan kik yana juyawa da sauri fiye da yadda ka saba, ko rota ta tsaya cak ana kik, abin ya koma ciki, wajen sarƙar tayimin, domin 504 sarƙa gare ta ba bel ba. Wannan ba aikin bakin titi ba ne, a ja ta. Kafin kowa ya kwance kan inji, ka ce a auna matsin kowace silinda a gabanka, ka rubuta lambobin huɗun a takarda.