Birkin mai ya yi laushi bayan an sa sabo?

Salamu alaikum 'yan uwa masu keken hawa dutse. In ka ɗaura sabon birkin mai, ka matsa hannun ya tafi luƙus har ya kusa taɓa kan keken, kada ka yi saurin cewa jabu aka sayar maka. Galibi iska ce ta shiga lokacin da aka yanke tiyon don rage tsawonsa. Gwada matsawa sau biyar da sauri: in ya ɗan yi tauri sannan ya sake saki, iska ce.

Da daddare ka matse hannun, ka ɗaure da roba, ka jingine keken yadda hannun zai fi ko'ina tudu. Da safe ka ɗan ƙwanƙwasa tiyon da yatsa, kumfar ta hau sama. Wannan dabarar wucin gadi ce dai, maganin gaske a fitar da iskar da sirinji.

Wajen mai kuwa a kula sosai. Birkin kamfanin Shimano man minaral yake sha, na kamfanin SRAM kuma wasu minaral, wasu wani man birki daban da ake kira DOT. Ka duba abin da aka rubuta a murfin ma'ajiyar man da ke jikin hannun, don in ka haɗa su robobin ciki za su kumbura. Kuma kafin aikin mai ka cire takalman birkin tukuna, ɗigo ɗaya ya isa ya lalata su.