Makarantar unguwa a Tahoua: a auna yaro kafin a kafa rumfa

Malaman da ke son buɗe makarantar al'umma sukan fara da neman fili da zana. Wannan yana iya jira. Abin da ba ya jira shi ne sanin inda kowane yaro ya tsaya a karatu, domin yaran da za a kawo muku iri biyu ne: wanda bai taɓa shiga lakwal ba har shekarun ɗauka suka wuce shi, da wanda ya kai CE2 ko CM1, wato aji huɗu ko biyar na firamare, yana kwafe abin da ke allo da rubutu mai kyau, alhali ba ya iya karanta shi. Na biyun ya fi wuyar ganewa, don kayensa cike yake kuma iyaye suna tsammanin komi lafiya.

Raba yara bisa abin da suka iya, maimakon shekaru ko sunan aji, tsohuwar dabara ce. A birnin Okland na Amurka, makarantar al'umma da ƙungiyar Black Panther ta riƙe daga 1973 zuwa 1982 don ƴaƴan baƙar fata haka take yi, ƙarƙashin jagorancin Ericka Huggins, tana kuma ciyar da yara sau uku a rana. A Ingila ma iyaye ƴan asalin tsibiran Karibiyan sun buɗe makarantun Asabar a wajejen 1970, saboda ana tura ƴaƴansu makarantun da aka ware wa waɗanda aka ce ba su da ƙwaƙwalwa. Can wariyar launi ce sanadi, nan kuwa cunkoson aji ne da harshen da yaro bai ji a gida. Sakamakon dai ɗaya ne: a yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci ba tare da an gwada shi ba.

Ga yadda ake gwajin. Ku rubuta takarda guda da manyan baƙaƙe, da Hausa, mai hawa huɗu: haruffa 10, kalmomi 10 masu gaɓa biyu irin su rana, gero, tulu, sai gajerun jimloli 4, sai labari na layi 8 zuwa 10 da tambayoyi biyu. A zauna da yaro shi kaɗai, nesa da idon ƴan'uwansa, minti 5 zuwa 10. A fara daga jimlolin. In ya karanta ba tare da ya wuce kuskure biyu ba, a hau da shi labari. In ya kasa, a sauko kalmomi, sannan haruffa. Lissafi ma haka: gane lamba daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro, rabawa. Kada malami ya taimaka da baki ko da ido. Wannan ne kuskuren da ya fi ɓata gwaji, don tausayi yakan sa malami ya furta gaɓar farko, yaro ya ƙarasa, a rubuta shi a rukunin da ya fi ƙarfinsa, wata biyu a gaba kuma a same shi zaune shiru a baya.

Daga nan a yi rukuni uku, kowane kada ya wuce yara 25 ga malami ɗaya. Ɗan shekara 12 zai iya faɗawa rukuni ɗaya da ɗan shekara 8, kuma zai ji kunya. Ku ba shi riƙon alli ko kiran suna, kuma ku raɗa wa rukunonin sunayen itatuwa, kamar gawo, aduwa, magarya, don kada a ji na sama da na ƙasa. A sake gwaji kowane mako 6, wanda ya wuce ya hau nan take ba sai ƙarshen shekara ba.

Karatu ya fara da harshen da yaro ke magana da shi. Nijar ta san wannan tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Zinder. A jihar Tahoua kuwa ku tambaya tukuna, don akwai gidajen da Tamajak ko Fulatanci ake yi. A wata biyu na farko a riƙe Hausa zalla wajen karatu da rubutu, har da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, Faransanci kuma ya shigo ta baki kawai, minti 20 a rana: gaisuwa, ƙirga, sunayen kayan aji. Ranar da za a shiga rubutun Faransanci akwai tarkuna da ya kamata a nuna wa yara ƙarara. Harafin c na Hausa shi ne na "ciki", a Faransanci kuwa yana fita k ko s. Sautin u na Hausa Faransanci da ou yake rubuta shi, sh kuma da ch. Ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa. Malamin da bai ware mako guda kan waɗannan ba zai ga yaran da suka iya karatu sun koma in-ina, ya ɗauka Hausar ce ta ɓata su.

Awa uku a rana ta isa, kwana biyar a mako. Minti 75 karatu, minti 60 lissafi da tsakuwa da karan dawa ɗaure goma-goma, sauran hutu da abinci. Lokacin farawa kuwa ba a ofis ake tsai da shi ba. Ku je wurin malamin makarantar allo na unguwa, ku ce, "Allah gafarta malam, yaushe almajirai ke tashi da hantsi?" ku ɗora naku bayan nasa. Makarantar da ta yi karo da karatun allo ita ce za ta rasa yara. A watan Afrilu da Mayu a tashi kafin rana ta take.

Ƴan mata talla ce ke ɗauke su, kuma a Adar, wato yankin Tahoua, inda magidanta da yawa ke tafiya cin rani, uwa ce ke yanke ko yarinya za ta zo. Don haka kwamitin da babu iyaye mata a cikinsa kwamitin suna ne. A rijista, duk yaron da ya yi fashin kwana 3 a jere a tura uwa ɗaya daga kwamiti gidansu, kada a aika takarda.

Maganar kwamiti ba baƙuwa ba ce a nan, tunda a Tahoua aka fara aikin da hukumar JICA ta Japan ta tallafa a 2004, wanda ya sa ana zaɓen kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira COGES a lokacin, da ƙuri'ar asiri a taron jama'a. Ku bi wannan tsarin. In aka ce a ɗaga hannu, babu mai ƙin ɗan mai unguwa a gaban mai unguwa. Shugaba daban, ma'aji daban, kuma malami kada ya riƙe kuɗi ko da dala ɗaya. Lissafin a yi shi a fili: gida 60 kowane ya ba da dala 100 a wata, jika 30 ke nan. Ku ɗauka tun farko kashi ɗaya cikin huɗu ba zai shigo ba, musamman daga Yuni zuwa kaka. A karɓi gero lokacin girbi a madadin kuɗi, a rubuta shiga da fita a babbar takarda a manna a ƙofa kowane wata. Alawus ɗin malami shi ne farkon abin da za a fitar. Wata biyu ba biya, malami ya tafi neman wani aiki, kuma ba za ku ga laifinsa ba.

Abinci ko kaɗan ne yana riƙe yaro. Kunu da tiya 2 ta gero yana isar yara 40, a ba su bayan darasin farko, kada a ba su da zuwa, in ba haka ba wasu za su sha su sulale.

In rumfar kara za a yi, a tuna gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a Afrilun 2021 da ta Maradi a Nuwambar shekarar, inda kowace ta ci yara 20 ko fiye. Ƙofa biyu masu faɗi a ɓangarori daban, murhu can nesa ta inda iska ba ta kaɗo wuta, rumfuna kada su jingina da juna, bokitin rairayi a kowace ƙofa, kuma ƙananan yara su zauna a ɗakin ƙasa ko na siminti. A gwada fitar gaggawa sau ɗaya a wata har yara su saba.

Tun watan farko ku kai sunayen yaran wurin isfekta na firamare, ku daidaita da diraktan lakwal mafi kusa kan ajin da zai karɓe su a Oktoba, da irin gwajin da zai yi musu. A lokacin kuma a tantance wa ke da takardar haihuwa. Wanda ba shi da ita sai an nema masa hukuncin kotu da ke maye gurbinta, da shaidu, kuma abin yana cin watanni, don haka a tara sunayen a kai su gaba ɗaya ta hannun ofishin magajin gari kafin Janairu.