Shawara ga masu ɗaukar hoton iyali da waya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hotunan suna da na biki da ake turowa daga unguwannin Nima da Mamobi na Accra, da yawa fuskokin sun yi duhu alhali wayoyin masu kyau ne. Matsalar ta haske ce.

A nan Accra, da azahar rana tana tsaye bisa kai, inuwa ta faɗo ƙarƙashin ido da hanci. Ga kuma farar shadda: kyamara na ganin farin sai ta rage haske, fuskar baƙin mutum ta nutse. Kafin ku ɗauka, ku taɓa fuskar a allon waya, ku ƙara haske kaɗan. In da hali, ku kai mutum inuwar bango ko bakin ƙofa, yana fuskantar waje. Amma ban da ƙarƙashin kanofi ja ko shuɗi, domin launin yana zuba a fata, gyaransa kuma da wuya. Bayan la'asar, wajen ƙarfe 5, hasken ya fi taushi, sai dai ku hanzarta, wajen 6 rana take faɗuwa.

Ku goge gilashin kyamara da gefen riga, zufa da ƙurar hunturu ke sa hoto hazo. Kada ku jawo hoto da yatsa, ku matsa kusa. Yaro kuwa, ku durƙusa daidai idonsa.

Hajiyoyinmu da dattawa, don Allah a nemi izininsu tukuna, ba kowa ke son hotonsa ya zaga ba. Wajen turawa ta WhatsApp ku danna HD, in ba haka ba, zai matse hoton.