Yadda Ake Buɗe Asusun Farko Lokacin Ɗora Ubuntu a Kwamfuta

Can wajen ƙarshen ɗora Ubuntu, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, bayan an gama da zaɓen yare da rabon faifai, za a kawo maka shafi mai gurabe biyar. Da yawa kan cike shi a gurguje don sun ƙosa, alhali asusun da aka buɗe a nan shi ke riƙe da ragamar kwamfutar.

Fara da cikakken sunanka. Wannan na ado ne, kuma canza shi daga baya ba wuya. Sai sunan kwamfuta, wanda sauran na'urori ke gani idan kuna kan hanyar sadarwa ɗaya. In wanda aka ba ka ya yi tsawo, ka gajarta shi.

A gurbi na uku ne za ka nutsu: sunan shiga. Ƙananan haruffa ake so, babu tazara, kuma ya fara da harafi. Da shi za a raɗa wa foldarka suna. In ka sa "musa", duk fayilolinka za su zauna a /home/musa. Manhajoji da dama suna haddace wannan adireshin, shi ya sa canza shi bayan wata shida ke zama aiki ja. Zaɓi wanda ba za ka ji kunyarsa ba.

Daga nan sai kalmar sirri, sau biyu. Kafin ka buga ta, gwada madannanka a gurbin suna ka ga abin da ke fitowa. In an saita tsarin AZERTY na Faransa a kan madannai na QWERTY, inda ka danna A sai Q ya fito, kai kuma ɗige-ɗige kawai kake gani a gurbin kalmar sirri. Ni dai ba na sa ƙ, ɗ ko ɓ a ciki, don ba ko'ina ake samunsu a allon shiga ba. Doguwar jimla mai sauƙin tunawa ta fi gajeriyar kalma mai alamomi barkatai.

Kada ta ɓace maka. Ubuntu na zuwa da asusun root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfutar, a kulle, saboda haka duk sanda za ka sa manhaja ko ka yi amfani da sudo, umarnin da ke ara maka ikon root, wannan kalmar za a tambaye ka.

Saura zaɓin shiga kai tsaye ba tare da kalmar sirri ba. In kwamfutar tafi-da-gidanka ce, ko akwai masu taɓa ta ban da kai, bar ta tana tambaya. Sai ka danna maɓallin ci gaba.