Yadda Za Ki Farfaɗo da Gashin Gaban Goshi

Idan gaban goshinki ya fara ja da baya, kan ki zargi maiƙo ko sammu, dubi kitsonki. Ƙananan kitso mai tsauri da ƙarin gashi su ne kan gaba wajen cinye shi.

1. Tsefe kitson yau, a hankali, da ɗan mai a yatsunki. Daga yanzu ki ce wa makitsiya ta yi manya, ta sassauta hannu, ta bar 'yan gashin gaba su huta. Kitson da ya hana ki barci, ko ya fito miki da ƙuraje a bakin goshi, ba ado ba ne.

2. Ajiye rilaksa da ƙarfen miƙar da gashi.

3. Wanke kai sau ɗaya a mako, ki bari ya bushe sosai kafin ki ɗaura ɗankwali. Shi ma ɗaurin, a sassauta.

4. Narkar da man kaɗanya kaɗan a tafin hannu, ki murza wurin da kan yatsu na minti 3, ba da farce ba. Man ba ya tsiro da gashi, karyewa yake ragewa.

5. Ci hanta, ƙwai, wake da zogale. Ƙarancin jini na zubar da gashi, musamman ga mai jego.

Gashi na tsawon kusan santimita 1 ne a wata, don haka ba shi wata 3 zuwa 6. In wurin ya yi sumul yana ƙyalli, ko kin ga makero, je wurin likitan fata.