Yadda Manomin Rani Zai Zaɓi Injin Ban-Ruwa Na Sola Ya Kuma Kafa Shi

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mai ya shiga cikin abubuwan da suka fi cinye ribar noman rani, shi ya sa manoma a fadamun kogin Gongola, musamman kewayen madatsar ruwa ta Dadin Kowa, da na yankin Balanga, duk a jihar Gombe, suka fara karkata ga injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Injin yana biyan bukata, amma sai an saye shi daidai da gonar da zai yi wa aiki, kuma wannan lissafi a gona ake gama shi kafin a doshi kasuwa.

Da farko a san yawan ruwan da ake bukata. Ruwa mai zurfin milimita 1 a kan hekta ɗaya ya kai lita 10,000, kuma tumatir da albasa da masara sukan sha milimita 5 zuwa 7 a kullum idan zafi ya kankama. Ke nan mai rubu'in hekta yana bukatar kimanin lita 15,000 a rana. Rana mai ƙarfin da za ta tura injin sosai ba ta wuce awa 5 zuwa 6 a wannan yanki, don haka injin da zai wadatar da shi sai wanda ke fitar da lita 3,000 a kowace awa. Mai shinkafa ya ƙara a kan haka sosai, domin ita ba ta ƙoshi da ɗan ruwa.

Na biyu shi ne tsayin da ruwan zai hau, daga saman ruwan rijiya zuwa inda zai zuba. A ɗaura dutse a igiya a auna, kuma awon da za a dogara da shi shi ne na watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya, ba na Nuwamba ba. Injin da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko makamancin haka, komai ƙarfinsa, saboda nauyin iska ne ke turo ruwan cikin bututu, kuma wannan nauyi yana da iyaka. Idan ruwa ya fi haka nisa, sai sumo, wanda ake zurawa cikin rijiyar burtsatse.

A nan ne masu saye suka fi ruɗewa. A jikin kwali ana rubuta iyakar ruwan da injin ke fitarwa da iyakar tsayin da yake kaiwa, amma ba ya cika biyun a lokaci guda. Gwargwadon hawan ruwa, gwargwadon raguwarsa. A nemi mai shago ya nuna jadawalin da ke cikin takardar injin, a duba lita nawa yake bayarwa a daidai tsayin da aka auno. Wanda ya ce babu takardar, gara a wuce shago na gaba.

Sai farantan sola. Ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746, amma injin doki ɗaya yana son farantan da jimillarsu ta kai wat 1,000 zuwa 1,100, domin adadin da ke rubuce a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, alhali a bazarar Gombe faranti yakan yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa, ga kuma ƙurar hunturu. Haɗa waya kuwa aikin ƙwararre ne, saboda jera farantai a layi ɗaya yana ƙara ƙarfin wuta, kuma idan ya zarce abin da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wuta tsakanin farantai da injin, ke ɗauka, za ta ƙone. A tabbata kwantirolar tana da na'urar kashe injin idan ruwa ya ƙafe, domin sumo da ya yi gudu babu ruwa ba ya daɗewa.

Gombe tana wajen digiri 10 arewa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, saboda haka farantai su fuskanci kudu, a ɗan karkata su digiri 10 zuwa 15. A kauce wa inuwa ko ta reshen maina ɗaya ce, domin faranti guda da ya shiga inuwa yana rage wa sauran na layinsa ƙarfi.

A ganina sayen batir don ban-ruwa asarar kuɗi ce ga ƙaramin manomi. Ya fi sauƙi a tara ruwa da tsakar rana a tanki da aka ɗora bisa, ko a rami da aka shimfiɗa wa tamfol, sannan a sake shi da yamma. Wanda ya haɗa tankin da tiyo mai ɗigo a gindin shuka zai ga ruwan ya ƙara auki, sai dai dole ya sa matata, in ba haka ba yashi zai toshe ƙananan hujojin.

A lokacin hazo a riƙa wanke farantai aƙalla sau biyu a mako da ruwa mai tsafta da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Inda gona ta yi nisa da gari, a sa maƙeri ya yi wa farantan firam a kan amalanke, yadda za a turo su gida idan an tashi aiki.