Kunnen da ke zubar da ruwa: abin yi tun daga gida har ɗakin tiyata

Kusan kowace unguwa akwai irin yaron nan da kullum auduga ke cushe a kunnensa, ƙuda na binsa, in ka tambayi uwar ta ce ai haka yake tun yana goye, in sanyi ya shigo ko ya yi mura sai abin ya tashi, an ɗiga magani ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Wani da haka zai girma har ya yi aure kunnen na tsiyaya, ya saba da juyo ɗaya kunnen in ana masa magana. To wannan ciwon yana cikin waɗanda ake yi wa aikin tiyata a kunne, kuma rabin nasarar aikin na hannun mai ciwon ne, abin da ya yi kafin a shiga da shi da abin da ya yi bayan an fito.

Ka fara sanin me ya lalace. A ƙarshen ramin kunne akwai dodon kunne, wani siririn tantani da faɗinsa bai wuce kusan santimita 1 ba, ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Bayansa wani ɗan ɗaki ne mai iska da ƙananan ƙasusuwa guda 3 da ke miƙa sauti zuwa can ciki, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, kusan milimita 3. Ɗakin nan yana da wata hanya da ta sauka bayan hanci, shi yasa in kana mura kunnenka ke toshewa. A yara hanyar gajera ce kuma a kwance take, majina da ƙwayoyin cuta ba sa shan wahalar haurawa. In mugunya ta taru sai yaro ya kwana yana tsala ihu yana jan kunne jiki zafi rau, can sai dodon ya fashe ruwa ya fito, zafin ya sauka, kowa ya ce alhamdulillahi ya fashe. Yawanci hujin kan rufe da kansa cikin 'yan makonni. Wanda bai rufe ba, ruwan ya wuce sati 2 yana zuba ko yana tafiya yana dawowa, shi ne matsalar. Mari ma yana fasa dodon kunne, haka tsinken ashana da murfin biro da gashin kaza da makullin mashin da mutane ke sosa kunne da su.

Abu na farko a gida, dan Allah a daina ɗura abubuwa. Man ja, ruwan albasa, tafarnuwa, nonon uwa, turare, duk wanda maƙociya ta ce ta gwada ya yi mata. In akwai huji duk abin da ka zuba wucewa yake can ciki. Hatta maganin ɗigawa na kemis ba kowanne ne ya dace ba, masu ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin in an daɗe ana zuba su a kunne mai huji suna iya taɓa jijiyar ji, kuma ita in ta tafi ta tafi kenan. Likitoci sun fi rubuta irin su siprofloksasin ko ofloksasin na ɗigawa. Kuma ko su ɗin ba a shafe wata da watanni ana zubawa, domin sai fangas, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, ya samu wuri, kunne ya koma ƙaiƙayi kamar ka cire shi, da wani baƙi-baƙi ko fari-fari a ciki.

Na biyu, tsane kunnen kafin ka ɗiga magani, nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu, a zuba magani a kan mugunya ya gangaro waje a ce magani bai yi ba. Ka wanke hannu, ka samu tishu mai ɗan ƙarfi ko ƙyalle mai tsabta ka murɗa shi ya yi tsini, ka zura a hankali ba tare da wani tsinke a ciki ba, ka bar shi ya tsotse, ka zare ka sa wani har ya fito a bushe. Sau 3 a rana. Sannan ka riƙe kwalbar maganin a tafin hannu ta ɗan yi ɗumi saboda mai sanyi na sa jiri, ka kwanta kunnen na kallon sama, a ja fatar kunnen sama da baya in babba ne, ƙasa da baya in ƙaramin yaro ne, a ɗiga, a daddanna ɗan guringuntsin nan na bakin kunne, ka zauna a haka kamar minti 5. In ka ji ɗacin maganin a maƙogwaro kar ka tsorata, ta hujin ya bi ya sauka. Kar a toshe kunnen da auduga yini guda, yana son iska. Lokacin wanka ne kawai ake toshewa, auduga da aka shafa wa basilin, an gama a cire. Wankan rafi da kududdufi da damina kuwa a haƙura da shi gabaɗaya.

Akwai alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu. Kumburi da zafi a bayan kunne har kunnen ya turo gaba. Baki ya karkace ko ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Jiri mai tsanani da amai. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutum ya fara sambatu ko yawan barci ko jijjiga. Ƙashin da ya raba kunne da ƙwaƙwalwa siriri ne sosai, kuma jijiyar da ke motsa fuska ta cikin ƙashin kunne ta ratsa, saboda haka karkacewar baki ga mai ruwan kunne ba wai iska ce ta buge shi ba, asibiti za a nufa. Haka dattijo mai ciwon suga da kunne ke hana shi barci da dare, shi ma kar a tsaya kemis.

Wanda za ka nema shi ne likitan kunne da hanci da maƙogwaro. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a 1999, aikinta kenan. Asibitocin koyarwa ma duk suna da sashen, Malam Aminu Kano a Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, a Nijar kuma babban asibitin ƙasa na Yamai. Ka tafi da kwalaben duk abin da ka taɓa ɗigawa, kuma ka faɗi gaskiya har na gargajiyan, ba dukanka za a yi ba. Za a leƙa kunnen, wataƙila a zuƙe dattin da wani ɗan inji mai ƙara, a ɗauki ruwan a kai gwaji, a sa ka a ɗakin gwajin ji a ɗora maka abin sauraro kana danna maɓalli in ka ji ƙara. Takardar gwajin nan ka adana ta, da ita za a gwada bayan aiki a ga ko an ci gaba. In likita na zargin abin ya shiga ƙashi zai tura ka hoton siti sikan.

Tambayar da ya kamata ka yi wa likita ita ce, nawa wane iri ne, domin iri biyu ne kuma ba ɗaya suke ba. Na farko huji ne kawai a tsakiyar dodon, ruwa mai yauƙi da yawa, ba wari sosai. Wannan ba gaggawa, ana busar da kunnen tukuna sannan a yi faci, aikin da suke kira timpanoplasti, wanda wasu likitocin Jamus biyu, Wullstein da Zöllner, suka tsara shi a shekarun 1950. Daga jikinka ake ɗebo abin facin, ko tantanin da ke kan tsokar gefen kai sama da kunne ko ɗan guringuntsin bakin kunne, a shimfiɗa a ƙarƙashin hujin fata ta bi ta rufe. Ana shiga ta ramin kunnen ko a tsaga ta baya, awa 1 zuwa 2, kuma a mafi yawan mutane facin yana kamawa. In ƙananan ƙasusuwan nan sun cinye ana iya gyara su ko a sa na roba ko na ƙarfe.

Na biyun shi ne mugun, kolestiyatoma. Ba ciwon daji ba ne, fata ce ta shiga inda bai kamata ba ta yi jaka tana tara matacciyar fata tana girma tana cin ƙashi a hankali. Ruwansa ɗan kaɗan ne amma wari kamar me, wani lokaci da jini-jini, kuma sau da yawa ba ya ciwo, abin da ke yaudarar mutane kenan. Wallahi babu maganin ɗigawa ko na sha da ke cire shi, sai aiki. Ana buɗe ƙashin bayan kunne da wani ɗan injin huda a ƙarƙashin madubin likita a kwashe shi tas, sunan aikin mastoyidektomi, yana iya cin awa 3 ko fiye. A nan ka gyara tunaninka tun kafin ka sa hannu a takarda, manufar farko a raba ka da haɗari, ta biyu kunne ya bushe, ji shi ne na uku. Wani jinsa zai ƙaru, wani ya tsaya yadda yake, wani ma ya ɗan ragu ya koma amfani da na'urar ji. Wanda ya shiga da tunanin zai fito yana jin motsin tururuwa shi ne ke fitowa yana cewa an cuce shi.

A taƙaice akwai wasu ayyukan ma. Yaron da ba ruwa ba ciwo amma kullum yana ƙure sautin talabijin, malamai na ce masa daƙiƙi, yana iya yiwuwa ruwa mai kauri ne ya kwanta bayan dodon da bai fashe ba, ana jira kamar wata 3, in bai janye ba a tsaga a sa wani mitsitsin bututu da ke faɗowa da kansa cikin wata 6 zuwa shekara, wani lokaci a haɗa da cire tsokar bayan hanci. Yaron da ya kurumce bayan sanƙarau kuma a gaggauta gwada jinsa, domin in dashen na'ura a can ciki za a yi, wurin yana iya cikewa da ƙashi in an yi jinkiri.

In an sa maka rana, ka faɗa wa likita in kana da suga ko hawan jini ko sikila ko asma, ko kana shan asfirin ko maganin tsinka jini, mace kuma in tana da ciki ko tana zargi. In kunnen da za a taɓa shi kaɗai ne mai ji, ka faɗa da bakinka ko da sun sani. Mai shan sigari ya ajiye, hayaƙi na hana faci kamawa. In mura ta kama ka ana saura kwana biyu ka kira su, gara a ɗaga. Ka tambaya a rubuta maka kuɗin komai, aiki da gado da magani da gwaje-gwaje, in kana da inshorar lafiya ka bincika me ta ɗauke tun da wuri. In barci za a sa ka, yawanci ba abinci awa 6 kafin aiki, kuma koko da shayi mai madara duk abinci ne, kar Hajiya ta tausaya ta ba yaro a ɓoye, yana iya amai ya shiga huhunsa. Ka wanke kai tun daren, mata a tsefe kitson gefen. Kuma kar ka sa aikin dab da tafiya Hajji ko Umara, jirgi ba ya yiwuwa sai bayan kamar sati 4 zuwa 6, yadda likitanka ya ce.

Za ka farka da naɗin bandeji a kai, kunne a toshe ɗif saboda abin da aka cusa a ciki, kana jin ƙas-ƙas ko bugun zuciyarka a kunnen, ɗan jiri, ɗan ruwa mai jini-jini a auduga, wani ma ya ji ɗanɗanon ƙarfe a gefen harshe domin jijiyar ɗanɗano ta nan ta wuce. Duk wannan an saba gani, yana wucewa. Abin da ke hannunka shi ne kar ka fyace majina da ƙarfi, in atishawa ta zo ka buɗe baki ka sake ta kar ka danne, kar ka ɗauki jarka ko buhu, kar ka yi yunƙuri a bayi, ka sha ruwa ka ci ganye. Ka kwanta a ɗaya gefen da filo biyu. Audugar waje kaɗai za ka canza, abin da ke can ciki ko ya leƙo kar ka ja, facin kake ja. Ruwa kar ya shiga sai likita ya ce an warke, wajen alwala da wankan tsarki ka tambayi malaminka hukuncin shafa a kan bandeji da taimama, sujjada ma a kwanakin farko ka tambayi likita, in ya ce a dakata ka yi sallarka a zaune. Ɗan acaɓa da mai aiki a injin niƙa su ɗan huta, girgiza da ƙura da hular kwano ba su dace da sabon ɗinki ba. In ka ga baki ya karkace, ko jiri na ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini ya jiƙa bandeji, ka koma a ranar.

Zare ana cire shi wajen sati guda, abin cikin kunnen bayan sati 2 ko 3, ji kuwa ba ya daidaita sai an yi wata 2 zuwa 3, lokacin ne za a maimaita gwajin a ɗora kan takardar farko. In facin bai kama ba ana iya sakewa. Mai kolestiyatoma shi kam bai gama da asibiti ba ko kunne ya bushe ƙayau, domin ɗan ɓurɓushi in ya saura yana sake tsirowa shiru, shi yasa ake sake leƙawa da wani aikin ko a yi hoton em'ar'ai bayan kamar shekara guda, kuma in irin aikin da ake barin rami a buɗe aka yi maka, za ka riƙa zuwa ana share ramin duk bayan wasu watanni, ka tambayi likitan wane irin ya yi maka ya rubuta a katinka.